Adana tsoffin hotunan gasar ƙananan jiragen saki

Adana tsoffin hotunan gasar ƙananan jiragen saki aiki ne na tattara hotunan da aka ɗauka a filayen wannan gasa, da gano mutanen da jiragen da ke cikinsu, da kare su daga lalacewa, sannan da kwafe su a kwamfuta don jama'a su samu. Jirgin saki ƙaramin jirgin sama ne da ake ƙerawa da hannu, wanda da zarar ya bar hannun mai shi babu wata waya ko na'urar rediyo da ke sarrafa shi. Yadda aka gina shi da yadda aka daidaita fukafukansa su ne kaɗai ke riƙe shi a sama. Wannan shi ne reshe mafi tsufa a harkar ƙera ƙananan jirage, kuma ya fi ƙarfi a Turai da Arewacin Amurka, sannan daga baya ya bazu zuwa Japan, Sin, Ostireliya da Ajantina.

Hotuna suna da muhimmanci na musamman a tarihin wannan wasa saboda jiragen kansu ba sa daɗewa. Ana yin su da katakon balsa marar nauyi da siririyar takarda ko siliki, kuma da yawa sun karye a fili, wasu kuma iska ta tafi da su ba a sake ganinsu ba. Sau da yawa hoto ɗaya ne kawai shaidar da ta rage cewa wani jirgi ya taɓa wanzuwa.

Asalin wasan

A ranar 18 ga Agusta 1871 wani Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya saki wani ƙaramin jirgi da ya kira Planophore a lambun Tuileries da ke birnin Faris. Murɗaɗɗiyar roba ce ke juya farfelarsa, kuma ya yi tafiyar kimanin mita 40 cikin sakan 11. Abin da ya ba masu kallo mamaki shi ne jirgin ya daidaita kansa a iska ba tare da hannun kowa ba. Tsarin Pénaud na amfani da roba yana nan har yau a gasar duniya.

Bayan da manyan jirage suka fara tashi a farkon ƙarni na 20, ƙungiyoyin masu ƙera ƙanana suka yawaita. A Birtaniya an kafa Society of Model Aeronautical Engineers a 1922, wadda yanzu ake kira British Model Flying Association. A Amurka an kafa Academy of Model Aeronautics, wato AMA, a 1936. Hukumar wasannin sararin sama ta duniya, FAI, wadda aka kafa a Faris a 1905 kuma hedikwatarta ke Lausanne a Suwizalan, ita ce ke tsara dokokin gasar ƙasa da ƙasa.

Kofin da ya fi shahara shi ne Kofin Wakefield, wanda Charles Wakefield, attajirin da ya kafa kamfanin man inji na Castrol, ya bayar. An fara gasar ƙasa da ƙasa ta wannan kofi a Ingila a 1928. Joseph Ehrhardt ne Ba'amurke na farko da ya ci shi, a 1930. Emmanuel Fillon na Faransa ya ci a 1937, Jim Cahill na Amurka a 1938, sai Dick Korda na birnin Cleveland a 1939, inda jirginsa ya shafe fiye da rabin sa'a a sama a tashi guda. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da gasar har sai 1948. Aarne Ellilä na ƙasar Finlan ya ci kofin sau biyu a jere, a 1949 da 1950.

A ɓangaren jirage masu inji, Maxwell Bassett na Filadelfiya ya yi amfani da ƙaramin injin fetur da abokinsa Bill Brown ya ƙera, ya yi wa masu roba fintinkau a gasar ƙasa ta Amurka a 1933. Wannan ya sa aka ware wa masu inji rukuninsu daban. A ƙarshen shekarun 1930 Carl Goldberg ya fito da jirgin Zipper, wanda fiffikensa ke zaune a kan wani ɗan tudu sama da gangar jiki, tsarin da aka yi ta kwaikwaya shekaru da dama.

Yadda gasar take

Ana auna nasara da tsawon lokacin da jirgi ya yi a sama. Masu gasa suna neman iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa idan rana ta yi zafi, irin wadda shirwa da ungulu ke hawa suna shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba. Tun da jirgin da ya shiga irin wannan iska zai iya ɓacewa, an ƙayyade iyakar lokacin da ake ƙirgawa, wanda a galibin zagaye sakan 180 ne. Waɗanda suka cika iyakar a dukkan zagaye su ne ke karawa a tashin raba gardama, da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta.

Domin dawo da jirgi ƙasa, ana saka masa dabarar da ke ɗaga jelarsa bayan wani lokaci, sai ya sauko a hankali. A da lagwani ake kunnawa ya ci har ya ƙone zaren roba da ke riƙe jelar. Daga baya aka koma ƙaramin agogo mai wani, sannan na lantarki.

Manyan rukunan FAI na fili guda uku ne. F1A jirgi ne marar inji da ake ja da igiya mai tsawon mita 50 kafin a sake shi. F1B shi ne rukunin Wakefield, inda nauyin robar ba ya wuce giram 30. F1C kuma yana da ƙaramin inji da ke aiki na 'yan sakanni kawai, jirgin ya harba sama, sannan ya ci gaba da shawagi. Akwai kuma F1D, na cikin gini, wanda nauyinsa bai kai giram 2 ba, kuma yana iya yin minti 20 ko fiye yana zagaye a hankali. An gudanar da gasar duniya ta F1D sau da dama a cikin ramin haƙar gishiri na Slănic a Romaniya, saboda tsayin rufinsa da kwanciyar iskarsa.

Abin da hotunan ke riƙe da shi

Abu na farko shi ne siffar jiragen. Wasu an buga zanen gininsu a mujallu irin su Model Airplane News, wadda ta fara fita a Amurka a 1929, da Aeromodeller ta Birtaniya da ta fara a 1935, ko a littattafan shekara-shekara na Frank Zaic. Amma mafi yawan jiragen da aka yi gasa da su ba a taɓa buga zanensu ba. Ko waɗanda aka buga, zanen yakan bambanta da ainihin jirgin da ya ci gasa, domin an sauƙaƙa shi saboda masu karatu ko masu sayen kayan haɗawa. Ƙungiyoyin Society of Antique Modelers, masu sake gina jiragen da da yin gasa da su, suna buƙatar shaidar cewa wani tsari ya wanzu kafin wata ƙayyadaddiyar shekara. Hoto mai tabbataccen kwanan wata yana iya zama wannan shaida.

Abu na biyu shi ne filayen. Wannan wasa yana buƙatar fili mai faɗin gaske, kuma da yawa daga filayen da sun zama unguwanni ko masana'antu. Filin jirgin kamfanin Fairey da ke yammacin Landan, inda aka yi gasar Wakefield a shekarun 1930, yanzu yana cikin filin jirgin sama na Heathrow. Hotunan Cranfield a Ingila, da Wiener Neustadt a Ostiriya, da Taft da Lost Hills a Kalifoniya, da manyan rumfunan jiragen balan-balan na Cardington da Lakehurst, suna nuna yadda wuraren suke a zamani daban-daban.

Abu na uku shi ne mutanen. Hotunan suna nuna yara 'yan makaranta da dattawa a layi ɗaya, da mataimaki yana riƙe jirgi yayin da mai shi ke murɗa roba, da masu riƙe agogo suna bin jirgi da madubin hangen nesa, da masu gudu ko hawa babur don ɗauko jirgin da ya sauka nesa. Irin wannan ba ya fitowa a jadawalin sakamako. Ban da hotuna marasa motsi, akwai gajerun finafinan labarai na kamfanin British Pathé, wanda ya ɗora rumbunsa a YouTube a 2014, kuma a ciki akwai gasannin ƙananan jirage.

Ire-iren hotunan da yadda suke lalacewa

Hotunan baƙi da fari da aka wanke a takarda su ne suka fi jure zamani, matuƙar an wanke su da kyau tun farko. Waɗanda ba a ɗauraye sinadarinsu sosai ba sukan koma ruwan ɗorawa ko su yi tabo. Wasu kuma wuraren da suka fi duhu sukan yi ƙyalli kamar madubi, saboda azurfar da ke cikin hoton ta taso sama.

Dodon hoto, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi, ya fi takardar riƙe ƙananan bayanai, amma yana da nasa haɗarin. Fim ɗin naitiret, wanda aka yi amfani da shi har farkon shekarun 1950, yana saurin kama wuta kuma wutarsa tana da wuyar kashewa, don haka ba a ajiye shi a gida tare da sauran takardu. Fim ɗin asitet da ya maye gurbinsa, wanda galibi ake buga kalmar SAFETY a gefensa, ba ya kama wuta haka, amma idan ya sha zafi da danshi yakan fara wari mai tsami kamar binega, ya ƙanƙance, ya yamutse. Da zarar wannan ya fara ba a iya mayar da shi baya, sai dai a rage saurinsa da sanyi, a kuma ware shi daga sauran.

Hotunan majigi masu launi, waɗanda ake saka su a ƙaramin firam na kwali, sun yawaita bayan yaƙi. Kodachrome, wanda Kodak ya fito da shi a 1935, yana riƙe launinsa shekaru da dama idan yana cikin duhu, amma yana koɗewa idan ana yawan haska shi a majigi. An daina yin sa a 2009, kuma ɗakin wanki na ƙarshe, a garin Parsons na jihar Kansas, ya daina wanke shi a ƙarshen 2010. Tsoffin Ektachrome kuwa sukan rikiɗe su yi ja ko da a duhu suke. Haka ma hotunan launi na takarda na shekarun 1960 da 1970.

Albam mai shafuka masu danƙo, wanda ya yi tashe a shekarun 1970, ya lalata hotuna da yawa: danƙon yana barin layuka a bayan hoto, kuma yakan riƙe takardar har ta yage idan aka ja. Sauran maƙiya su ne fumfuna, ƙwari masu cin takarda, salatif, tsatsar filin takarda da hasken rana.

Gano mutane, wuri da shekara

Hoton da ba a san wanda ke ciki ba, ko inda aka ɗauke shi, ya rasa mafi yawan amfaninsa ga tarihi. Wannan ɓangaren ne ya fi gaggawa, domin takarda tana iya jiran wasu shekaru, amma waɗanda suka halarci gasannin shekarun 1950 da 1960 sun tsufa, kuma idan suka rasu sunayen da ke kansu sun tafi tare da su.

Masu bincike suna amfani da alamu da dama. A Amurka masu gasa suna rubuta lambar zamansu 'yan AMA a fiffike, a gasar duniya kuma ana rubuta haruffan ƙasa tare da lamba. Siffar jirgi ma tana nuna zamani, domin dokoki sun sha canzawa. Jiragen Wakefield na kafin yaƙi suna da ƙaton ciki saboda wata doka da ta ɗaure kaurin gangar jiki da tsawonta. Jirgi mai ƙafafu da ake saki daga kan ƙasa yana nuna lokacin da doka ta wajabta tashi daga ƙasa, kafin a koma jefawa da hannu a shekarun 1950. A 1954 aka fara ƙayyade nauyin roba a giram 80, daga baya aka rage zuwa 50, zuwa 40, har aka kai 30 na yanzu, kuma kowane ragi ya sauya fasalin jiragen. Motoci, tufafi, tutoci da allon sakamako da ke bayan hoto suna ƙara haske. Daga ƙarshen shekarun 1950 Kodak ya riƙa buga wata da shekarar wanki a firam ɗin hoton majigi, sai dai wannan lokacin wanki ne, ba ranar ɗauka ba.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da wannan wasa. A da, idan mai gasa ba zai iya biyan kuɗin tafiya ba, yakan aika jirginsa a akwati wani ya tashe shi a madadinsa. Gordon Light na Amurka ya ci Kofin Wakefield na 1935 a Ingila ta wannan hanya, ba tare da ya taka filin ba. Saboda haka wanda aka gani riƙe da jirgi a hoto ba lallai ne shi ya gina shi ba. Ƙa'idar masu adana tarihi ita ce a bambanta abin da aka tabbatar da abin da ake zato, a kuma rubuta sunan wanda ya ba da bayanin da ranar da ya bayar.

Ajiyar ainihin hotunan

Hotuna suna son wuri mai sanyi, busasshe, marar haske, wanda yanayinsa ba ya yawan sauyawa. Danshin iska tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 ya dace, kuma duk yadda aka rage zafi haka tsawon rayuwar hoton ke ƙaruwa. Shi ya sa manyan ma'adanai ke ajiye fim mai launi da na asitet a ɗakin sanyi. Ƙarƙashin rufin kwano, gareji da ɗakin ƙarƙashin ƙasa su ne wuraren da suka fi illa.

Ana saka kowane hoto a ambulan na takarda marar asid, ko a leda ta foliyesta ko folifurofilin. Ledar PVC tana fitar da sinadarin da ke ɓata hoto. Akwai gwajin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 18916 da ke tabbatar da cewa kayan ajiya ba za su cutar da hoto ba. Ana riƙe hoto ta gefe da hannu mai tsabta ko safar hannu, kuma idan za a yi rubutu a baya, da fensir mai laushi ake yi, ba da biro ba. Ba a wargaza tsohon albam kafin a ɗauki hoton kowane shafi yadda yake, domin jerin hotunan da rubutun mai albam ɗin su ma bayani ne.

Kwafewa zuwa kwamfuta

Ana amfani da sikana ko kyamara da aka kafa a kan mariƙi. Hoton takarda galibi ana kwafe shi a ɗigo 600 a kowane inci. Fim na milimita 35, wanda girman hotonsa milimita 24 da 36 ne kawai, yana buƙatar ɗigo 3,000 zuwa 4,000 a inci, idan ana son a iya karanta lambar da ke fiffike. Ana kwafe bayan hoton ma idan akwai rubutu ko hatimi.

Fayil na farko ana ajiye shi a tsarin TIFF ba tare da gyara ba. Daga gare shi ake fitar da kwafin JPEG don gyaran launi da rabawa. Manhajojin da ke ƙara wa tsohon hoto launi ko kaifi da ƙirƙirarriyar basira suna zana abin da babu shi a asali, kamar fuska ko lamba, don haka dole a bayyana duk kwafin da aka yi wa haka. Ana shigar da suna, wuri, shekara da sunan mai ɗauka a cikin fayil ɗin kansa ta tsarin IPTC, don bayanin ya bi hoton duk inda ya tafi. Wata sananniyar ƙa'ida ita ce a riƙe kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Kwafewa ba ta zama dalilin zubar da na asali ba.

Rabawa da haƙƙin mallaka

Fitar da hoto ga jama'a shi ne hanya mafi sauri ta gano waɗanda ke cikinsa, domin wani a wata ƙasa yana iya gane mahaifinsa ko tsohon abokin karawarsa. Sai dai intanet ba ma'adana ce mai tabbas ba. An rufe GeoCities a 2009. A 2017 Photobucket ya toshe nuna hotunansa a wasu shafuka sai an biya kuɗi, sai dubban tsoffin rubuce-rubuce suka wayi gari babu hotuna. Yahoo Groups ya goge fayilolin da mutane suka ɗora a ƙarshen 2019, ya rufe baki ɗaya a 2020. Kafofin sada zumunta kamar Facebook kuma suna matse hoto su cire galibin bayanan da ke cikin fayil.

Wuraren da aka gina domin ajiya ta dogon lokaci sun haɗa da Internet Archive da Wikimedia Commons, sai gidajen tarihi irin su National Model Aviation Museum na AMA a garin Muncie da ke jihar Indiana, wanda ke da ɗakin karatu da rumbun takardu. National Free Flight Society, da aka kafa a Amurka a 1967, tana buga mujalla da rahotannin shekara waɗanda su ma rumbun tarihi ne. Shafin Outerzone yana tattara tsoffin zane-zanen gini kyauta, sau da yawa tare da hotunan jiragen.

Mallakar takardar hoto ba ita ce mallakar haƙƙinsa ba. Haƙƙin yana hannun wanda ya ɗauka, ko magadansa, ko mujallar da ta ɗauke shi aiki. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai haƙƙin yakan kai shekara 70 bayan rasuwar mai ɗauka, a Amurka kuma lissafin ya danganta da shekarar da aka fara buga hoton. Iyalin da suka gaji hotuna suna iya sakin su ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke ba kowa damar amfani da su matuƙar ya ambaci mai ɗauka. Gidajen tarihi galibi suna neman rubutacciyar takardar kyauta da ta fayyace ko an miƙa haƙƙin tare da hotunan. Yawancin tarin da ake rasawa suna salwanta ne lokacin kwashe kayan mamaci, idan magada ba su san darajar akwatin da suka tarar ba. Shi ya sa ƙungiyoyi ke shawartar tsoffin 'yan gasa da su rubuta sunaye a bayan hotunansu, su kuma bar wasiyyar inda za a kai su.